Tabon Ƙunar Mma Ya Zama Daji, Kawu Ya Hana Tiyata

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi, shekarata 31. Mahaifiyata, Mma, mai sayar da koko da ƙosai ce, shekararta 59. A 1997 kaskon mai ya kife mata a ƙafar hagu, ta ƙone daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu. A gida aka yi jinyarta, ta warke da babban tabo. Shekara biyu da suka wuce tsakiyar tabon ya fashe. Mun wanke, mun ɗaure, ta sha ƙwayoyin kemis, mun shafa na gargajiya, sai ya kame ya sake buɗewa. Yanzu ya kai faɗin tafin hannun yaro, bakinsa ya yi tudu, yana wari, ko zani ya goge shi sai jini. A asibiti an yanki ɗan nama an gwada, takarda ta fito da haruffa SCC, likita ya ce ciwon dajin fata ne. An tura mu Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, an ba mu ranar tiyata nan da mako uku. Za a yanke wurin, a ɗebo fata a cinyarta a rufe. Kawuna, yayan Mma, ya ce sam bai yarda ba. Ya ce daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu, ya kawo misalin maƙwabcinmu da aka yi wa aiki ya rasu bayan wata huɗu. So yake a kai ta wurin wani mai magani a arewa. Ni kuma na gani a intanet cewa akwai man shafawa, akwai daskarar da wurin, akwai gashi da na'ura. Me ya sa ba za a fara gwada waɗannan ba? Mma ba ta cewa komai, amma ina jin ta cikin dare tana kuka, tana cewa ƙafarta za a yanke. Ki ba ni shawara don Allah.

'Yar Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi mata.

Amsar da kike jira zan fara ba ki, bayani ya biyo baya. Kada ku bari ranar nan ta wuce ku. Nan da mako uku Mma ta kasance a ɗakin tiyata. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu gyambo da masu ƙuna kafin in yi ritaya, kuma tun ina karanta wasiƙarki na ga ƙafar a idona: tabo fari-fari mai sheƙi, a tsakiyarsa rami, bakin ramin ya birkice ya yi kauri kamar leɓe, naman ciki ya yi gudaji-gudaji. Hannuna ya wanke irinsa da yawa. Maganinsa na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne a cire shi gaba ɗaya tun yana iya ciruwa.

Fatar tabo daban take da sauran fatar jiki. Siririya ce, a ɗame take, ba ta maiƙo, ba ta gumi, jini ba ya isar ta sosai. A kan ƙwauri abin ya fi tsanani, don tsakanin fata da ƙashi babu wata tsoka. Ga shi kuma Mma mai tuya ce, kullum asuba ƙafarta na gaban wuta. Sai fatar ta tsage, ta warke, ta sake tsagewa, shekara da shekaru. Duk tsagewa ɗaya sai ƙwayoyin halittar fatar sun hayayyafa sun cike gurbin, a cikin wannan hayayyafa ta tilas ne wata rana wasu ke kauce hanya, su yi ta tsiro ba tsayawa. Wani likitan tiyata Bafaranshe mai suna Marjolin ya bayyana irin gyambon nan na tsohon tabo tun 1828, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Yakan ɗauki shekara 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, tsakanin ƙunar da fitowar dajin. Ki lissafa daga 1997 ki gani. Ki gaya wa mutanen gida cewa ba jifa ba ne, ba kuma a ɗaukarsa. Ku ci abinci kwano ɗaya da ita, jikoki su hau gadonta.

A yankin Ashanti muna da wani gyambon, na Buruli, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ana kuma warkar da shi da ƙwayoyin sha na mako 8. Ido kaɗai yakan rikita su, shi ya sa ake yankar ɗan nama a duba a madubin likita. Na Mma an riga an duba, an san ko wane ne.

Abin da kika karanta a intanet gaskiya ne, sai dai yawancinsa don Turawa aka rubuta. Su rana ce ke kawo musu dajin fata, a fuska da kunne da bayan hannu, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne ake kira besal, mai tafiyar hawainiya, wanda da wuya ya bar inda ya tsiro. Sukan kai shi asibiti yana ɗan ƙuji kamar ƙwayar wake. Mu baƙar fata launinmu na kare mu daga rana sosai, don haka wanda muka fi gani shi ne sukwamas, wato SCC ɗin da ke takardar Mma, kuma sau da yawa a tsohon tabo ko tsohon gyambo yake fitowa. Sukwamas na rana, idan ƙarami ne aka cire shi da wuri, fiye da 90 cikin 100 suna warkewa sarai. Na tabo ya fi shi faɗa. Rahotannin likitoci da dama sun nuna fiye da ɗaya cikin huɗu na masu shi yakan yaɗu musu zuwa wani wurin, musamman waɗanda suka daɗe da shi. Ban faɗi wannan don in tsorata ki ba. Na faɗa ne don ki san abin da ya sa shekara biyun da suka wuce sun isa haka.

Yanzu ga magungunan da kika tambaya. Man shafawar iri biyu ne aka fi sani. Akwai Efudix, wanda ake shafawa na wasu makonni, wurin ya yi ja, ya saluɓe, sabuwar fata ta fito. Akwai Aldara, wanda ke tayar da garkuwar jiki a wurin, ana shafa shi kwana biyar a mako har mako shida ga besal na saman fata. Daskarewa kuwa da ruwan naitirojin ake yi, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a fesa na 'yan daƙiƙoƙi, wurin ya yi bororo ya faɗi. Akwai kankarewa da ɗan cokali mai kaifi sannan a ƙona gindin da lantarki. Akwai kuma wani mai da ake shafawa a bar shi ya shiga, sannan a haska masa jan haske. Dukansu magunguna ne na gaskiya, amma iyakarsu saman fata, inda cutar ba ta wuce kaurin takarda ba. Ciwon da ya yi rami, ya yi tudu, ya shekara biyu yana cin nama, ya fi ƙarfinsu. Kin san tofa: a ƙone ta da rani fili ya yi fes, ruwan farko na sauka ta fito, don saiwar na ƙasa. Haka man zai yi wa ƙafar Mma. Sama zai yi kamar ya lafa, ku saki jiki, ƙasa kuwa yana gangarawa wajen ƙashi. Wani aibin kuma, duk hanyoyin nan ba sa barin naman da za a duba gefunansa a ɗakin gwaji, don haka babu mai iya ce muku an cinye shi ko da saura.

Inda hanyoyin nan ke da amfani a Zangonmu shi ne wurin 'yan'uwanmu zabiya. Su ba su da launin da ke tare rana, sai ka ga matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ƙaiƙayi-ƙaiƙayi masu kaushi a kunne da wuya da leɓe. A wannan matakin daskarewa ko mai yakan kashe abin tun bai zama daji ba. Duk mai zabiya a gida ya saya masa malafa da riga mai dogon hannu da man kare rana, ya kuma riƙa kai shi a duba fatarsa ko babu ciwo. Akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, GAPA, ana kuma bikin ranarsu ta duniya kowace 13 ga Yuni. Na ratse ne don na san masu karanta mu da yawa suna da su a gida.

Mu koma kan aikin da za a yi wa Mma, don tsoron abin da ba a sani ba ya fi aikin kansa wahalar da mutum. Aikin ƙafa sau da yawa allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, mutum na farke ba ya jin komai. Wani lokaci kuma a sa shi barci, mai ba da allurar ne zai zaɓa bayan ya duba ta. Likita zai zana layi kewaye da gyambon, ya bar tazara ta lafiyayyen nama. Ga ƙaramin sukwamas milimita 4 zuwa 6 ake bari, ga irin na Mma kuwa akan kai santimita 2 ko kusa da haka, a kuma bi shi ƙasa har inda nama ya yi tsabta. Don haka kada ki firgita idan kika ga wurin aikin ya fi gyambon faɗi nesa ba kusa ba. Wannan tazarar ita ce maganin. Ramin ba zai ɗinku ba, shi ya sa za a fere fata siririya daga cinya, a huda ta ƙanana-ƙanana kamar raga don ta miƙe, ruwa kuma ya samu wurin fita, a shimfiɗa, a ɗaure. Idan ramin ya yi zurfi har ƙashi ya bayyana, sai a juyo da tsoka da fatarta daga kusa a rufe, aikin likitocin gyaran fata ke nan, kuma Komfo Anokye na da sashensu, haka asibitin Korle Bu a Akra, inda cibiyar gyaran fata da ƙuna take tun 1997.

Kwana biyar na farko su ne na haƙuri. Ƙafa a ɗage kan matashi, ba takawa, ba buɗewa, don sabuwar fatar tana neman jijiyoyin jini ne daga ƙasa, motsi kaɗan zai goce da ita. Ba na manta wata dattijuwa mai tuwo da na buɗe wa ɗauri a rana ta biyar. 'Yarta na riƙe da kanta, ita ta juya fuska bango tana salati. Na jiƙa bandejin da ruwan gishiri, na ɗaga a hankali, falle bayan falle. Da na kai na ƙarshe sai ga fatar ta kama, ja-ja, ramukan ragar sun fara cikewa, babu wari ko kaɗan. Na ce, "Inna, juyo ki ga ƙafarki." Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita shekara uku rabon da ta shiga sahu a masallaci saboda kunyar wari. Abin da ta yi ta ƙorafi a kai har aka sallame ta cinya ce. Ki shirya wa wannan: inda aka ɗebi fatar ya fi inda aka dasa zafi, raɗaɗinsa kamar na saluɓewa a kan kwalta, amma cikin mako biyu zuwa uku yakan warke da kansa. Ku nemi maganin zafi a kan lokaci, kada Mma ta yi ta cije baki don kara.

Naman da aka cire za a kai shi ɗakin gwaji a duba gefunansa da ƙasansa. Wannan takarda ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, ki bi ta da ƙafarki har ta fito. Idan ta ce gefuna sun fita tas, alhamdu lillahi. Idan ta ce da saura a wani gefe, sai a ƙara yanka ko a bi da gashi da na'ura. Wataƙila kin ga sunan tiyatar Mohs a karatunki, wadda wani likita Ba'amurke, Frederic Mohs, ya ƙirƙiro a shekarun 1930: ana yanka falle-falle ana dubawa nan take. An fi yin ta a fuska, kusa da ido ko hanci, inda ake tsimin nama. Rashinta ba zai rage wa Mma komai ba, faffaɗan yanka shi ne aikin da aka saba yi wa irin nata.

Kafin ranar, ki tabbata an taɓa matsematsinta an duba kaluluwa. Idan dajin nan zai yi tafiya, nan yake fara yada zango. Gyambo mai ruwa ma yakan tayar da kaluluwa, don haka kumburi kaɗai ba hukunci ba ne. Hoto ake ɗauka, ko a tsotso ɗan ruwanta da allura a gwada. Idan cutar ta kai can, akan cire su a yi gashi a wurin. Za a kuma ɗauki hoton ƙwaurin don a ga ko ta taɓa ƙashi, da hoton ƙirji.

Kukan da Mma ke yi cikin dare yana da dalili, kuma ba zan rufe ki ba: ana yanke ƙafa saboda wannan ciwo. Ana yin haka idan ya ci ƙashi sosai, ko ya shiga gaɓa, ko ya nannaɗe manyan jijiyoyi. Amma ki saurari abin da likitanku ya ce: a yanke wurin, a rufe da fatar cinya. Wanda ya faɗi haka yana ganin ƙafar za ta tsira ne a yadda take yau. Ƙashin ƙwauri kuwa yana nan dab da gindin gyambon, tazarar ba ta kai kaurin yatsa ba. Duk watan da aka ƙara, cutar na matsawa gare shi. Tafiya arewa, a yi wata uku ana shafe-shafe, a dawo, ita ce hanyar da na fi ganin ta kai mutane ga abin da suke gudu. Na taɓa kwashe fiye da awa ɗaya ina jiƙa wani baƙin haɗi da ya daskare a ƙafar wani bawan Allah, ina ɓamɓarowa kaɗan-kaɗan, yana riƙe da ƙarfen gado. Da na gama, ƙashi na gani. Wata bakwai kafin nan an ba shi ranar aiki irin ta Mma. Yau da dare ki zauna bakin gadonta, ki gaya mata da bakinki cewa aikin nan na ceton ƙafar ne. Ki kuma roƙi likitan ya maimaita mata da kansa, ke kina fassarawa in da buƙata. Jikinta ne, ita za ta sa hannu, bai kamata a yi ta shawara a kanta a tsakar gida tana ɗaki tana jiyowa ba.

Maganar Kawu kuwa, kada ki raina ta, don ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tun muna yara muke jin daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ga inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya gagari kowa. Kafin a kai ga wuƙa cutar ta riga ta shiga kaluluwa, ta shiga huhu, ba a dai gani a waje. A yi aiki, bayan 'yan watanni mutum ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta watsa shi. Na kusa rantsewa haka ta faru da maƙwabcinku, Allah ya jiƙansa. Su kuma waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke ba a ba da labarinsu, don suna kasuwa suna harkarsu, zani ya rufe tabon. Abin da ke da haɗari shi ne a tsaga cikin ciwon a bar rabi, kamar yadda ake yi da aska a gida. Likita ba ya bi ta cikinsa, zagaye shi yake yi ta lafiyayyen nama ya ɗauke shi ɗungurungum.

Kada ki yi musu da Kawu a gaban jama'a. Yayan mahaifiyarki ne, tsoron rasa ƙanwarsa ne ke magana a bakinsa, kuma dattijo in aka kunyata shi a fili ba ya janyewa. Ki same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Kawu, kai ne uba a gidan nan, ba za a taɓa Mma ba ka ji da kunnenka ba. Mu je ka yi wa likitan tambayoyinka." Gani ya kori ji. Sau da yawa na ga dattijon da ya shigo da faɗa ya fita yana tambayar jini leda nawa ake so. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani abokinsa. Malamai sun san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Addu'a da sauka da sadaka duk a ba Kawu jagorancinsu, a yi su da yawa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ɗora komai a kan gyambon, kada kuma a ɗaga ranar.

Gashi da na'ura, wato rediyoterafi, magani ne mai ƙarfi, kuma muna da shi a nan Gee tun 2004, Korle Bu kuma tun 1997. Ba wuta ba ce, haske ne da ba a gani, mutum ya kwanta 'yan mintoci ya tashi, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon makonni huɗu zuwa shida ko bakwai. Ana zaɓarsa shi kaɗai ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, ko inda yanka zai ɓata fuska. A ƙwauri, kan tsohon tabon da jini bai ishe shi ba, wurin da aka gasa yakan ƙi warkewa, shi ya sa ga Mma matsayinsa na mai biyo bayan tiyata ne idan sakamako ya nuna buƙata. Kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji irin su sisfilatin, na wanda cutar ta yaɗu ne ko ta fi ƙarfin wuƙa, yakan rage ta, da wuya ya kawar da ita shi kaɗai. Akwai sababbin allurai masu tayar da garkuwar jiki, kamar Libtayo da aka amince da shi a Amurka a 2018, ana ƙara shi ta jijiya duk mako uku. Yana taimakon waɗanda abin ya yi wa nisa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Fatanmu kada Mma ta kai inda za a neme shi.

Sai kuɗi, wanda ba ki ambata ba amma na san yana ranki. Ki duba katin inshorar lafiyarta yau, in ya mutu ki sabunta ta waya da *929#. Katin zai rage muku wasu abubuwa, amma kada ki dogara da shi kacokan: a ɓangaren daji, abin da tsarin ya ɗauka tun asali na mama ne da na bakin mahaifa, daga baya aka ƙara wasu na yara. Ki nemi a rubuta miki ƙiyasin kuɗin aiki da na gwajin nama da na gado a takarda, ki kai wa dangi, don mutane sun fi sakin hannu idan sun ga lissafi. Ki shiga ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ki faɗi halinku ba kunya, ki kuma tambaye su game da asusun MahamaCares da gwamnati ta kafa a 2025 don masu daji da ciwon ƙoda da makamantansu. In Mma na cikin adashi, a roƙi uwar adashi ta ba ta ɗauka a wannan zagayen. Kuɗin mota zuwa arewa da na kaji da na mai magani, Kawu ya zuba su nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya, mako ukun nan na shiri ne. Mai gyambon shekara biyu da wuya jininta ya cika, don haka a auna, a kuma samu mutum biyu cikin samarin gida da za su ba da jini. A auna sukari da hawan jini, don sukari in ya hau dashen fata ba ya kamawa. Ki ciyar da ita ƙwai da kifi da wake da nama da zogale, fata da abinci ake gina ta. Duk wani jiƙo ko tsimi da take sha a dakatar da shi tun yanzu, ki kuma faɗa wa mai allurar barci sunan duk abin da ta sha, na kemis da na gida, don wasu na tsinka jini. In tana shan taba ko shaƙa ta, ta bari. Wankin ciwo a asibiti za a riƙa yi. Ki gaya wa nas maganar warin, akwai maganin Flagyl da ake sa wa a kai yana kashe shi cikin 'yan kwanaki, wannan kaɗai zai dawo wa Mma da walwalarta. Idan jini ya ɓalle, ki danna da tsumma mai tsabta minti goma sha biyar ba ɗagawa, ƙafa a sama. In bai tsaya ba, ko zazzaɓi ya rufe ta, ku tafi asibiti a daren, kada ku jira ranar aiki. Alwala kuma ba matsala, shafa a kan bandeji ya halatta, salla a zaune ko a kwance ta inganta ga mara lafiya.

Bayan an sallame ku tsugune ba ta ƙare ba. Idan ciwon nan zai dawo, a shekara biyun farko ya fi dawowa, shi ya sa za a riƙa kiran ku kamar duk wata uku. Kada ku fasa ko sau ɗaya don kun ga ƙafa ta yi kyau. Ki koya wa Mma ta riƙa lalubar matsematsinta lokacin wanka, ke kuma ki riƙa duba bakin dashen da sauran tsohon tabon. Duk tsagewar da ta wuce wata ɗaya ba ta rufe ba, a koma. Idan ya warke sarai a riƙa shafa masa man kaɗe safe da yamma don kada ya bushe.

Teburin koko kuma kada a rufe shi, zuciyarta na can. A samu yarinya ta riƙi tuya, a sa wa Mma kujera nesa da kurfoti, da ɗan benci da za ta miƙe ƙafa a kai, ita ke karɓar kuɗi tana gaisawa da masu saye. Ki rubuto mini idan takardar gefunan naman ta fito. Ki gaishe mini da ita, ki ce ina yi mata sannu.